Matan Da Suka Hana Mota Ratsa Unguwarsu

 Makon nan na ajiye zancen ɗinki da na girki, na zo muku da zancen hanya. Kada wata ta ce ai wannan maganar maza ce ta juya shafi. Da hantsi, sa'ad da maigida ya tafi wurin aiki, wa ya ke leƙawa zaure don ya ga ko yaron da aka aika sayen gishiri ya dawo? To, ashe kuwa hanya tamu ce.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne gardamar da ta tashi a unguwarmu. Layinmu ya ƙare ne a jikin wani tsohon kango, mota in ta shigo ba ta da wurin wucewa sai ta juya. Sabo da haka ba mai shigowa sai wanda ya ke da wurin zuwa a cikinmu. Kwanan baya aka ji ana so a rushe kangon a haɗa layin da babban titin da ke bayanmu, don masu zuwa kasuwa su huta da zagaye. Nan da nan unguwa ta rabu biyu. Mai kanti yana murna, mai tuyar ƙosai ta bakin layi ma haka, don ciniki zai ƙaru. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu kuwa ta ce ita ba ta manta daren da naƙuda ta kama surukarta ba, mota ta yi ta kewaye kafin ta kai su asibiti. Masu ƙananan yara suka ce su dai a bar musu kangonsu. Ni kaina na rasa inda zan tsaya, sai na tuna da wani labari da na karanta a ɗakin littattafai sa'ad da na ke kwalejin horon malamai. Na koma na sake bin sa, ga shi na kawo muku.

A birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar unguwa da a ke kira Greenwich Village. A tsakiyarta akwai wani fili mai itatuwa da kujeru da maɓuɓɓugar ruwa, girmansa bai cika eka 10 ba, sunansa Dandalin Washinton. Tun asali ba wurin shan iska ba ne. Daga 1797 makabarta ce ta talakawa da waɗanda annoba ta kashe, an ƙiyasta ma akwai mutum kamar 20,000 kwance a ƙarƙashinsa har yau. Daga baya aka mai da shi filin faretin soja, sa'an nan ya zama lambun jama'a. A gefensa na arewa akwai wata babbar ƙofa ta farin dutse, tsayinta ya fi ƙafa 70, wadda aka gina don tunawa da George Washington, shugaban ƙasar na fari. A bakin ƙofar nan ne Titi na Biyar ya ƙare, watau titin da ya fi kowane suna da tsada a birnin. Tun cikin ƙarni na 19 akwai wata 'yar hanya da ta bi ta ƙarƙashin ƙofar ta ratsa filin, kuma a nan bas-bas su ke juyawa. Mutanen unguwa sun saba da wannan, suna haƙuri da shi. Gidajensu sun kewaye filin, matan unguwa kuwa nan su ke kai 'ya'yansu wasa kullum, su zauna suna taɗi suna dubansu, kamar yadda mu ke yi a ƙofar gida.

A zamanin nan akwai wani babban ma'aikaci a birnin, sunansa Robert Moses. Shi ne Kwamishinan Lambuna daga 1934 har 1960, kuma yana riƙe da waɗansu muƙamai da yawa ban da wannan. Ba a taɓa zaɓensa a kan wata kujera ba, ya nemi gwamna a 1934 ya faɗi, amma duk da haka magadan gari da gwamnoni shakkarsa su ke yi. Kada mu ci zalinsa, ya yi aiki. Ya gina manyan gadoji da tituna da wuraren wanka, da filayen wasan yara fiye da 600. Sai dai mutum ne wanda in ya ja layi a kan taswira ba ya son a ce masa a karkata. Abin dariya kuma, mutumin nan da ya shimfiɗa wa motoci hanyoyi masu ɗimbin yawa bai iya tuƙi ba, direba ke jansa.

Tun 1935 Moses ya sa wa dandalin nan ido. A shekarar ya kawo shirin a faɗaɗa titunan da suka kewaye shi, a yanke kusurwoyinsa, mutanen unguwa suka ƙi, aka jingine maganar. A 1952 ya dawo da wadda ta fi ta. So ya ke Titi na Biyar ya daina ƙarewa a bakin ƙofa, ya ratsa dandalin ya ɓulla kudu ya haɗu da wani titi mai suna West Broadway. Dalilinsa na fili shi ne motoci sun yi yawa, dole a ba su hanya. Amma akwai wani dalilin. Wata dokar gidaje ta 1949 ta ba birane kuɗi su rushe tsofaffin unguwanni a gina sababbi, shi kuwa Moses ne ke riƙe da wannan aiki a Niyu Yok. Kudu da dandalin ya shirya rushe gine-gine don 'yan kasuwa su gina dogayen benaye na haya. In titin ya ratsa, sai a sa wa na kudun suna Titi na Biyar ta Kudu, gidajen su sami adireshi mai daraja, kuɗin haya ya tashi. Kun ji inda gizo ke saƙar.

Wadda ta fara tsayawa ba wata mai muƙami ba ce. Sunanta Shirley Hayes, dā 'yar wasan kwaikwayo ce, a lokacin kuwa matar gida ce mai 'ya'ya maza 4 waɗanda ta ke kai wa dandalin. Ita da wata mai suna Edith Lyons suka kafa kwamitin kare dandalin a 1952. Suka bi ƙungiyoyin iyayen yara da malamai na makarantu, da majami'u, da ƙungiyoyin masu gidaje, suna roƙo kowa ya sa hannu. Suka ajiye tebur a bakin dandali suna tara sunaye, suna rubuta wa jaridu wasiƙu, kuma duk ranar da majalisa za ta zauna kan maganar sai su cika ɗakin.

Kada ku zaci unguwar bakinta ɗaya ne. Nan ne labarin ya yi kama da namu. Akwai waɗanda suka ce tun da ba a iya ja da Moses, gara a roƙe shi ya rage faɗin titin a karɓa da godiya, da babu gara ba daɗi. Akwai kuma waɗanda gidajensu ke kan ƙananan titunan kewaye, su tsoronsu shi ne in an hana motoci bi ta dandali, ai ta ƙofarsu za su biyo. Wannan tsoro ba na wauta ba ne, kuma ma'aikatan hanya sun yi ta hura shi. Suka ce in aka rufe, titunan unguwa za su cushe da motoci har mutane su dawo suna roƙo a buɗe.

Hukuma kuwa ta yi ta sauya wa shirin riga. A 1955 shugaban yankin Manhattan, Hulan Jack, wanda shi ne baƙar fata na fari da ya riƙe wannan kujera, ya goyi bayan a haƙa titin ya nutse ƙasa kamar kwazazzabo, mai layi 4, a ɗora wa masu tafiya a ƙasa 'yar gada a kansa. Faɗin da Moses ya nema ƙafa 48 ne. Da surutu ya yi yawa sai aka kawo shawarar a rage shi zuwa ƙafa 36, wai an raba gardama ke nan. Mutane da yawa sun so su karɓa.

Shirley Hayes da Edith Lyons suka ƙi. A ganina nan ne suka nuna basira. Suka ce su ba ciniki suka zo yi a kan faɗi ba. Ba sa son titi babba, ba sa son ƙarami, har tsohuwar 'yar hanyar da ke nan ma a rufe ta, kuma kada a ce za a faɗaɗa titunan kewaye a madadinta. Da fari mutane sun ɗauka matan nan sun zarce. Amma ku duba, wanda ya yarda a yi gardama kan ƙafa 48 ko 36 ai ya riga ya yarda da titin, saura awo. Kuma titin da aka yi ƙafa 36 bana, ba abin da zai hana a ƙara masa baɗi in motoci sun cika shi.

Sannu a hankali mutane suka dawo kan maganarsu. Wata jaridar unguwa mai suna Village Voice, wadda aka kafa a 1955, ta riƙe zancen mako-mako. Eleanor Roosevelt, matar tsohon shugaban ƙasa, wadda ta taɓa zama a gefen dandalin, ta goyi bayansu. Haka Margaret Mead, shahararriyar masaniyar al'adun mutane. Sai kuma wata marubuciya mai 'ya'ya 3, Jane Jacobs, wadda ta kan ɗauki 'ya'yanta ranar hutu su tafi dandali tara sunaye, yaran na rataye da kwalaye masu rubutu gaba da baya. A 1958 ƙungiyoyin suka haɗu suka yi babban kwamiti guda, wani mai suna Raymond Rubinow ya shugabance shi. Buƙatarsu ɗaya tak suka rubuta, har a cikin sunan kwamitin: a rufe dandalin ga kowace mota sai ta gaggawa, watau motar kashe gobara da ta asibiti da irinsu. Ku riƙe wannan, don shi ya toshe bakin masu cewa in wuta ta tashi fa.

Jane Jacobs ta ba da labari bayan shekaru da yawa cewa ta ga Moses a wurin wani zaman majalisa kan maganar. Ta ce ya miƙe a fusace ya ce ba wanda ke ƙin wannan aiki sai wani tarin iyaye mata, ya fice abinsa. Da na karanta wannan sai da na ajiye takardar na yi dariya. Shi a wurinsa raini ne.

To, amma kada in ruɗe ku in ce surutu da tara sunaye kaɗai suka yi aikin. Matan nan sun san inda iko ya ke. Maganar tana hannun majalisar da ke riƙe da kuɗi da filayen birni, mai mutum 8, watau magajin gari da manyan zaɓaɓɓu 2 da shugabannin yankuna 5. Yawancinsu kuwa 'yan jam'iyyar Dimokurat ne, uban jam'iyyar a Manhattan kuma shi ne wani Carmine De Sapio, wanda a unguwar nan ya ke zaune, kuma a lokacin waɗansu matasan jam'iyya na unguwar suna neman ture shi. Aka nuna masa sunayen dubban masu ƙuri'a. A watan Satumba na 1958 ya je gaban majalisa da kansa ya ce a rufe dandalin. Daga ranar nan magana ta juya.

Majalisa ta ce a rufe na ɗan lokaci a gwada a gani. Ranar 1 ga Nuwamba 1958 aka yi biki a bakin ƙofar. Kun san al'adar Turawa in za a buɗe sabon titi, a kan ɗaura ƙyalle babban baƙo ya yanke shi da almakashi. Su kuwa sai suka juya abin, suka kawo ƙyalle suka ƙulla. Wata tsohuwar mota ta wuce ɗauke da allo mai cewa ita ce ta ƙarshe.

Sai aka zuba ido a ga cushewar da aka yi alkawari. Shiru. Jane Jacobs ta rubuta a littafinta na 1961, The Death and Life of Great American Cities, cewa ƙirgen motocin da aka yi a titunan kewaye bayan rufewa bai nuna ƙari ba, a waɗansu wurare ma raguwa aka gani. A watan Afrilu na 1959 majalisa ta tabbatar da rufewar. Bas-bas suka ci gaba da juyawa a ciki har 1963, sa'an nan su ma aka fitar da su. Daga fara gardama zuwa fitar bas na ƙarshe shekara 11 ke nan.

Ina motocin suka tafi? 'Yan makaranta, ku yi tunani a kan wannan. Ma'aikatan hanya na zamanin sun ɗauki motoci kamar ruwan sama, wanda in ka toshe masa nan dole ya fasa can, yawansa bai ragu ba. Amma mota mutum ke tuƙa ta, mutum kuwa yana da lissafi. In hanya ta yi masa wuya, wani ya hau jirgin ƙasa, wani ya bi babban titi tun daga nesa, wani ya haɗa aike biyu a tafiya ɗaya, wani ya fasa. In kuwa aka buɗe masa gajeriyar hanya, har wanda dā ba ya bi ta nan sai ya fara bi. Shi ya sa layin da aka buɗe ba motocin mazaunansa kaɗai ke binsa ba. Na baƙi ne suka fi yawa, baƙo kuwa sauri ya ke yi, don ba ɗansa ne ke wasa a bakin hanya ba.

Wani malamin jami'a mai suna Donald Appleyard ya auna abin da wannan ke yi wa zumunci. Wajen 1969 ya zaɓi tituna 3 a birnin San Faransisko masu gidaje iri ɗaya. Ɗaya mota kamar 2,000 ke binsa a rana, ɗaya kamar 8,000, ɗaya kuma kamar 16,000. Ya tambayi mazauna abokai nawa su ke da su a layin. A titi mai ƙarancin mota kowa yana da abokai kamar 3, a mai yawan mota kuwa kason kowa bai cika ko ɗaya ba. Mutanen titin nan sun daina tsayawa taɗi a ƙofa, sun koma ɗakunan baya don ƙara, masu yara da suka sami hali sun tashi. Littafinsa ya fito a 1981. Shekara guda bayan haka, a 1982, mota mai gudu ta kashe shi a birnin Atina na ƙasar Girka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a rahotonta na 2023 ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kamar miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. 'Yan ajina duk suna cikin wannan tsara, ni ma haka.

Akwai wani gefen labarin da ba zan ɓoye muku ba. A cikin shekarun nan dai, a birnin nan dai, waɗansu matan gida na unguwar East Tremont a yankin Bronx sun yi irin wannan tsayuwa. Shugabarsu Lillian Edelstein ce. Moses ya ja layin wani ƙaton titi ta tsakiyar gidajensu, su kuwa ba su ma ce kada a yi titin ba, roƙonsu a ɗan karkatar da shi ta gefen wani lambu don gidaje su tsira. Sun yi taro, sun cika majalisa, 'yan siyasa sun yi musu alkawari. Da ranar ƙuri'a ta zo aka juya musu baya. Iyali 1,530 aka tasa a cikin mil ɗaya. Ƙoƙarinsu bai gaza na matan Greenwich Village ba. Sai dai su masu ƙaramin ƙarfi ne, ba su da jarida tasu, ba matar shugaban ƙasa a cikinsu, ba kuma uban jam'iyya da ke kwana a layinsu. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da bikin ƙulla ƙyalle.

Shirley Hayes ta rasu a 2002, Jane Jacobs a 2006 a birnin Toronto na Kanada. An fi tunawa da Jacobs sabo da littafinta, amma ita da kanta ta rubuta cewa Hayes da Lyons ne suka fara. Titin kudun da aka so a kira Titi na Biyar ta Kudu yanzu sunansa LaGuardia Place. Dandalin yana nan ba mota, da rani yara kan shiga cikin maɓuɓɓugar suna wasa da ruwa.

Mu koma kan kangonmu. Layinmu ba Niyu Yok ba ne, ba mu da jirgin ƙarƙashin ƙasa da direba zai koma wa, kuma babura da 'yan a daidaita sahu ba ƙaramin rami ke tsai da su ba. Maganar dattijuwa gaskiya ce, maganar mai ƙosai ma gaskiya ce, abincinta ke nan. Duk da haka na sami inda zan tsaya. Na fi son a buɗe kangon daidai wucewar mai tafiya a ƙasa da mai keke da mai tura ruwa, a sa ƙofar ƙarfe mai makulli don motar asibiti da ta gobara. Na kuma roƙi 'yan matan ajina da ke zaune a bayanmu su zauna da takarda da fensir bayan an tashi makaranta, su ƙirga abin hawan da ke bin babban titin cikin sa'a ɗaya, don in mun je gaban mai unguwa ranar Asabar mu je da lissafi a hannu. Mata da yawa sun ce za su aika da mazajensu. Na ce a'a, mu nemi izini mu je da kanmu, ko a shimfiɗa mana tabarma a zaure.

Jiya da yamma na shiga wurin dattijuwar na kwashe labarin nan duka na faɗa mata, har da shawarar ƙofa. Ta saurara tana tsinkar zogale, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Malama, na ji, matan can sun yi ƙoƙari. To, in abin ya zo da ƙarfe 2 na dare, makullin yana hannun wa?" Na ce mata, "Iya, wannan sai mun tambaya ranar Asabar."